Tsohon firji ya koma uwar kaza: littafin aikin injin ƙyanƙyasa

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Yau muka yanke shawara a zaman wata. Mu goma sha huɗu ne masu biyan kuɗin karo-karo a shagon nan, naira dubu biyu kowane wata, da su ake biyan haya da sayen dalma da kusa. Kowa na da nasa ɗan aikin a kusurwa, amma an daɗe ana cewa a yi abu ɗaya na kowa da kowa. An kawo shawara uku: na'urar buga abu ta 3D, fanfon ban ruwa mai sola, da injin ƙyanƙyasar ƙwai.

Masu son na'urar 3D sun kafa hujja da WoeLab na birnin Lome a Togo, inda Afate Gnikou ya haɗa irinta daga tarkacen kwamfuta a 2013. Gaskiya ne, kuma labarinsu na cikin abin da ya sa muka buɗe wurin nan tun farko. Sai dai Baba mai gyaran firji ya yi tambaya ɗaya: "In kun gama ta, wa zai zo nema a unguwar nan?" Aka yi shiru. Kaza kuwa babu gidan da ba a kiwonta. Injin ƙyanƙyasa ya ci da ƙuri'a tara. An ɗora mini riƙe littafi da lissafin kuɗi.

Laraba, 8 ga Janairu

Ni da Baba mun je Ƙofar Ruwa wajen 'yan gwangwan. Mun samo gawar firji mai ƙofa ɗaya, babu kwamfireso, amma bangonsa lafiya lau. Baba ya bi robar ƙofar da takarda: ya saƙala, ya rufe, ya ja. Inda takardar ta zare ba gardama, nan iska ke shiga. Kusurwa ɗaya ce kawai ta ƙasa. An yi ciniki daga dubu 25 zuwa 18,000. Adaidaita sahu ya kawo mana shi a kan 2,500.

Asabar, 11 ga Janairu

Wanki da omo da ruwan zafi, aka bar shi a rana. Malam kafinta ya auna ciki ya yi tire biyu na katako da ragar waya, 7,000. Na sayo ƙwan fitilar mota guda biyu masu wat 21 da mazauninsu, 3,000, da ƙaramin allon sarrafa zafi W1209 a Sabon Gari, 4,000. Fanka mun ciro daga mataccen akwatin wutar kwamfuta.

An sha dariya yau, don duk wanda ya ce "miƙo ƙwan" sai an tambaye shi na fitila ko na kaza. Mun amince a cikin littafin nan na fitila a ce masa "gulob".

Gulob biyu muka sa maimakon babba ɗaya, saboda in ɗaya ya ƙone cikin dare ɗayan ya riƙe. Komai a kan volt 12 yake, kai tsaye daga batir, ba ruwanmu da inbata, ba ruwanmu da jiran a kawo wuta.

Lahadi, 12 ga Janairu

Kwana ɗaya cur ya tafi a kan sakarcina. Na haɗa W1209, na sa shi a digiri 37.5, gulob ya ƙi kamawa. Na bi wayoyi da mita, na sauya gulob, har na fara zargin mai shagon ya sayar mini da jabu. Da na riƙe kan ma'aunin a tafin hannu na hura masa numfashi ya yi ɗumi, ba abin da ya faru. Da na kusantar da shi ga ƙarfen narka dalma, sai na ji ƙas, gulob ya kama.

Ƙanwarmu mai karatun injiniya ta leƙo ta ce, "Yaya, ai a sanyaya yake." Allon yana zuwa ne da saitin firji: in zafi ya haura ya kunna. Sai an shiga P0 an mayar da shi daga C zuwa H. Minti ɗaya ta gyara. Ta kuma rage P1, wato tazarar da ke tsakanin kashewa da kunnawa, daga digiri 2 da yake zuwa da shi zuwa 0.3. Da a kan 2 muka bar shi, ƙwai zai yi ta hawa da sauka kamar mai zazzaɓi.

Alhamis, 16 ga Janairu

An huda ramukan iska, huɗu a ƙasa, biyu a sama, kowanne faɗin fensir. Wasu sun ce asarar zafi ce. Baba ya ce ɗan tsako yana numfashi ta ɓawo tun yana cikin ƙwai, in an toshe firjin kamar tulu sai ya shaƙe. Haka ne.

Asabar, 18 ga Janairu

Sola ta hau rufi. Farantin mai wat 150 aro ne daga wani ɗan majalisarmu ta shago, batir mai 100Ah ma tsoho ne da ya sauka daga inbatan gidan wani. Kwantirola, mai daidaita caji tsakanin sola da batir, muka saya, 9,000.

Lissafin da muka yi a allo: gulob biyu wat 42. In suna kunne rabin lokaci cikin awa 14 da babu rana, kusan wat-awa 300 ke nan, a ƙara na fanka ya zama 330. Batir mai 100Ah a kan volt 12 yana da 1,200 a takarda, rabi ake so a ci kada a kashe shi, 600. Muka ce akwai rara. Babu wanda ya tambayi nawa ya rage a cikin batirin da ya shekara yana aiki. Na rubuta wannan ne daga baya a gefen shafi, da jan biro.

Yaran da muke koya wa aiki ranar Asabar su tara suka zo yau. An koya musu narka dalma a kan tsohon allon rediyo. Ɗaya ya ƙona yatsa, bai yi kuka ba sai da ya ga ana kallonsa.

Talata, 21 ga Janairu

Gwajin babu ƙwai, kwana na uku. Na sayo ma'aunin zafin jiki a kemis, 1,500, na sa shi a cikin ƙaramin kofin ruwa a kan tire na awa uku. W1209 na cewa 37.5, na kemis na cewa 38.4. Kusan digiri guda. Na asibiti muka yarda da shi, don a daidai wannan zangon aka ƙera shi ya yi aiki. An gyara ta P4, saitin daidaita karatun ma'aunin allon.

Sannan tiren sama ya fi na ƙasa zafi da digiri ɗaya da rabi. Mun karkata fanka ta daina hura ƙofa, ta riƙa tura iska ta bayan tire zuwa ƙasa. Bambancin ya dawo 0.4. Za mu riƙa musanya tiren kowace safiya.

Laraba, 22 ga Janairu

Ma'aunin danshi ya iso, 3,500. Na ɗauka ya lalace, don a cikin shago kashi 17 ya nuna. Na sa shi cikin leda da jiƙaƙƙen tsumma, ya haura 90. Lafiyarsa ƙalau, hunturu ne kawai. Ƙwan kaza na son kashi 50 zuwa 55 a kwana 18 na farko, sannan 65 zuwa 70 a ukun ƙarshe. Mun sa kwanon sha cike da ruwa a ƙasan firji, ya tsaya a 34.

Nan aka yi musu. Ni na ce a ƙaro ruwa, a sa bokiti. Ƙanwarmu ta ce zurfi ba ya ƙara komai, faɗin fuskar ruwan ne ke ba da tururi. Aka ɗauko faranti mai faɗi na tuwon biki aka zuba ruwa bai kai gaɓar yatsa ba, ya tashi 43. Aka tsaya a nan, aka ce ya yi kusa.

Juma'a, 24 ga Janairu

Ƙwai ya zo daga ƙauyen su Malam kafinta ta wajen Bichi, guda 48 na kajin gida, 250 kowanne, 12,000. Na kiret da ake sayarwa a kasuwa ba ya ƙyanƙyasa, kajin gidan gona ba sa haɗuwa da zakara. Mun roƙa kada a wanke, kada a kawo wanda ya wuce kwana bakwai. A cikin ƙaiƙayi aka jero su a kwando. Sun kwana a tire, tsinin a ƙasa, su huta daga jijjigar hanya.

Jimillar kashewa zuwa yau: 60,500.

Asabar, 25 ga Janairu (kwana na 0)

Da sunan Allah, ƙarfe tara na safe aka sa. Kowane ƙwai an yi masa X a gefe ɗaya, O a ɗayan, da fensir. Goma daga ciki an ba su lamba an auna su da sikelin masu sayar da gwal, jimilla giram 402.

Injin juya ƙwai da muka so yi da motar goge gilashi, wato ɗan injin da ke kaɗa waifan mota, bai kammala ba. Mun gwada shi da ƙwan kasuwa shida, ya watsar da huɗu, aka soya aka ci. Da hannu za a juya. Ana so a juya sau uku ko biyar a rana, adadi mara, don kada ƙwai ya kwana a gefe ɗaya dare biyu a jere. Baba ya ce to ai an riga an raba mana: bayan kowace salla. An manna jadawali a ƙofa, kowa da waƙtinsa. Asuba tawa ce, ni ne mafi kusa.

Ƙanwarmu ta sa Arduino, ƙaramin allon kwamfuta, da ma'aunin DHT22 yana rubuta zafi da danshi a katin memori duk minti biyar. Wutarsa daban ce, daga fawa-bank ɗin da wani ɗan majalisa ya haɗa da ƙwayoyin 18650 na matattun batiran laftof. Na ce mata ƙawa ce kawai. Na janye maganar a shafi na gaba.

27 zuwa 31 ga Janairu

Juyi, ƙarin ruwa, musanyar tire. Ranar Laraba mai la'asar ya manta, na magariba ya tarar da X inda ya kamata O. Ba a yi faɗa ba.

Asabar, 1 ga Fabrairu (kwana na 7)

Bayan isha aka kashe fitila aka haska ƙwai ɗaya bayan ɗaya da tocilar waya ta cikin bututun kwali. Wanda bai taɓa gani ba ya kamata ya gani: jijiyoyi ja kamar saƙar gizo, da ɗigo baƙi a tsakiya yana motsi. Malam mai walda, wanda ba ya cika magana, sai cewa ya yi "Tabarakallah" ya ƙi ba na baya wuri.

Tara fes suke kamar ruwa, babu zakara. Huɗu kuma da jan zobe, sun fara suka mutu. Saura 35.

Sikeli ne ya tayar mana da hankali. Ƙwai yana rage nauyi a hankali ta hanyar tururi, ana so ya rage kashi 12 zuwa 13 kafin kwana na 18. A kwana bakwai bai kamata goman nan su rage fiye da giram 19 ko 20 ba. Sun rage 27. Suna bushewa. Wancan "ya yi kusa" da muka ce a kan 43 bai yi kusa ba.

Hajiya maƙwabciyarmu, wadda ta fi shekara talatin tana kiwon kaji da zabi, ta shigo karɓar fankarta da aka gyara, ta tarar da mu cirko-cirko. Na yi mata bayani. Ta ce, "Ku 'ya'yan nan, randa da me take sanyi? Ku sa abin da ke tsotsar ruwa." Muka yanka tsohon tawul, rabi a cikin faranti, rabi a rataye a gaban fanka. Kafin mu rufe shago danshi ya kai 54. Sai dai yanzu ruwan yana ƙarewa sau biyu a rana, an ƙara shi a jadawali, kuma mai ɗumi ake zubawa.

Talata, 4 ga Fabrairu (kwana na 10)

Ranar baƙin ciki. Na buɗe shago bayan asuba na ji shiru, babu ƙarar fanka. Kwantirola ta yanke wuta, batir ya faɗi ƙasa da volt 11. Na taɓa ƙwai, ɗumi kaɗan kamar shayin da aka manta.

Abin da ya faɗo mini shi ne gidan Hajiya. Na buga ƙofa a wannan lokaci ina ba da haƙuri. Ba ta tambayi komai ba, ta hura wuta ta dafa ruwa, muka cika robobin lemo shida, muka naɗe da tsumma muka jera a ƙasan firji, muka lulluɓe shi da bargo biyu. Ta ce, "Kwantar da hankalinka, ɗana. Kaza ma tana tashi ta je kiwo ta dawo." Na ce Hajiya ba ta awa uku. Ta ce wata shashashar tana yi.

Da hantsi aka zare katin Arduino. Wuta ta yanke ƙarfe 2:40, zafi ya gangara daga 37.5 zuwa 29 da ƙarfe 5:45. Ba don katin ba da sai dai mu yi ta zato.

Dalili uku muka gano, kuma kowanne da hannunmu a ciki. Kwana uku ana hazo, rana kamar farin faranti. Na hau rufi na tarar da sola ta yi fari fat da ƙura, har na rubuta sunana a kai da yatsa. Tun da aka ɗora ba wanda ya goge. Na biyu, batirin: Baba ya gwada shi da gulob da agogo, abin da ke cikinsa bai kai 40Ah ba, lissafinmu na allo a kan batirin da babu shi muka yi. Na uku shi ne ya kawo hayaniya. Kwantirola tana da ramin USB biyu, unguwa kuma ta kwana biyu babu wuta, ashe da yamma waya har takwas ake jerawa ana caji. Cajin waya ba wani abin kirki yake ci ba in batir na da lafiya, amma mai ciwon da ke tafiya da sanda ko tuntuɓen kara ya ishe shi.

An yi zama da daddare, an ɗaga murya. Wani ya ce shi ma yana biyan karo-karo, ba za a hana shi caji ba saboda kaji. Yana da gaskiyarsa, ba a taɓa kafa doka ba. An liƙe ramukan USB ɗin da salatif, an ware fawa-bank ɗin 18650 na biyu don caji. An ciro 55,000 daga asusu aka sayo batir na hannu mai 100Ah, wannan karon Baba ya gwada shi a gaban mai shi kafin a biya. Jimilla ta koma 115,500, asusu ya kusa tas.

Robobin ruwan nan mun bar su a ciki dindindin. Ruwa yana riƙe zafi, in wuta ta sake yankewa saukar za ta yi jinkiri.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Goge sola ya shiga jadawalin asuba. Na haska biyar, huɗu na motsi. Alhamdulillahi.

Laraba, 12 ga Fabrairu (kwana na 18)

Haskawa ta ƙarshe. Huɗu sun tsaya, daga girmansu a daren nan suka mutu. Ɗaya daga cikinsu ma ya fara wari, baragurbi sosai, Baba ya fita da shi a tafin hannu kamar mai ɗauke da bam. Saura 31. Nauyi ya ragu da kashi 14 a matsakaici, ya ɗan zarce, bashin makon farko ne.

An daina juyi daga yau. An shimfiɗa buhun algarara a kan raga don ƙafar 'yan tsaki, an ƙara faranti na biyu da tawul, danshi 68. An buɗe duk ramukan iska. Na rubuta da alli a ƙofa: KADA A BUƊE.

Asabar, 15 ga Fabrairu (kwana na 21)

Da asuba na kara kunne a jikin firji na ji tsiyau-tsiyau. Na tsaya a nan har rana ta fito.

Sai dai yau Asabar ce, ranar yara, kuma ban yi tunanin haka ba. Labari ya zaga, su goma sha bakwai suka zo. Ina can baya ina nuna wa wasu yadda ake karanta mita, na juyo na ga ƙofar firji a wangale, kawuna shida a ciki. Ban san minti nawa ba. Katin ya ce danshi ya faɗi daga 69 zuwa 31, kuma ya ɗauki kusan awa ɗaya kafin ya koma.

Na daka tsawa, ƙaramin cikinsu ya fashe da kuka, daga baya na ji kunya. Yaro ya ji kukan tsako a cikin akwati, me ake so ya yi? Rabinsu ma ba su iya karanta allin ba. Laifin namu ne da muka ƙera abin kallo ba mu yi masa taga ba. An ɗaure ƙofar da igiyar roba.

Zuwa isha bakwai sun fito.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Goma sha shida da safe, goma sha tara da magariba. Jinkirin kwana ɗayan nan na sanyin ranar 4 ga wata ne, haka muke gani.

Litinin, 17 ga Fabrairu

An rufe lissafi a kan 19. Goma sha biyun da suka rage mun fasa su a bayan shago, ni da ƙanwarmu da Hajiya. Bakwai sun huda ɓawo sun maƙale, fatar ciki ta bushe ta naɗe su kamar leda, fara ƙal, ta yi tauri. Waɗannan na buɗe ƙofa ne da iskar hunturu. Uku cikakku ne amma ba su huda ba. Biyu ƙanana, sun daɗe da mutuwa, mun kasa ganewa a haskawa.

19 daga 48 bai kai kashi 40 ba. In aka cire taran da babu zakara, 19 daga 39, kusan rabi. Hajiya ta ce kazarta mai wake-wake tana kwanci a kan goma sha biyu ta fito da goma, ba batir ba sola. Na ce Hajiya ku yi mana afuwa, karon farko ne. Ta yi dariya ta ce a ba ta 'yan tsaki biyar ta riƙe mana.

Sauran 14 suna cikin kwali da ɓuntun shinkafa, gulob ɗaya a sama, ruwa a murfin roba da tsakuwa a ciki kada su nutse. Abincin 'yan tsaki mudu biyu, 3,000. Jimilla 118,500.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Ɗaya ya mutu ranar Laraba, mai lanƙwasasshiyar ƙafa. Sauran suna ci kamar fara. An yi musu rigakafin Newcastle ta ɗigo a ido, wani ɗan majalisa da ke aiki da likitan dabbobi ya zo da shi a cikin kula da ƙanƙara, har da na Hajiya.

An wanke firji an shanya. Malam mai walda ya yanke murabba'i a ƙofa, za a sa gilashi biyu da tazara a tsakani don kada zafi ya tsere, a daidai tsayin yaro ɗan shekara bakwai. Za a sa ƙaramin tiyo daga waje zuwa faranti, a riƙa ƙara ruwa ba sai an buɗe ba. Ƙanwarmu na son Arduino ya riƙa yin ƙara in zafi ya sauka ƙasa da 36, amma ƙara a rufaffen shago ƙarfe uku na dare wa zai ji? Ana duba allon SIM800L da zai kira wayata, in asusu ya farfaɗo. Motar goge gilashi kuma tana bukatar a rage mata gudu sosai, Baba na neman giya a cikin tarkacensa.

Azumi saura mako guda, jadawalin juyi zai yi wuya da la'asar da magariba, don haka zagaye na biyu sai bayan salla. Matsalar lokacin za ta juye: a watan Afrilu zafin Kano yana haura 40 da rana, shagonmu kuma rufin kwano ne, injin da ya iya ɗumamawa kawai bai iya sanyayawa ba. Baba ya ce a mayar da firjin zauren Hajiya mai rufin ƙasa, in ta yarda. Ta riga ta ce da damina ƙwan zabi za ta kawo, nasu kwana 26 zuwa 28 ne. Gobe zan je in auna zafin zauren da azahar.